Hoton Hanta a Tsakar Gida

'Yata ta fari tana karatun likita a Kano. Mu a zuriyarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. Ni "Wance" nake ce mata.

Da ta zo hutu gidanmu na Takur, wata takarda ta faɗo daga jakarta a tsakar gida. Karatuna a firamare ya tsaya, amma na gane sunanta a sama, na gane hoton hanta mai jajayen ɗige-ɗige, na kuma gane kalmar kansa, wato ciwon daji. Ciwon nan ne ya ɗauke yayana Bubayero a Buji, cikinsa ya kumbura kamar tulu.

Kwana uku ina kallonta ta wutsiyar ido. In ta rage tuwo, sai in ce ciwon ne. Na kawo kindirmo, na kawo zuma, na karɓo rubutu wurin limaminmu, duk na ajiye a ƙofar ɗakinta. Tambayar kuwa ta ƙi fita daga bakina.

Rana ta huɗu na hau mashin na ɗauko ƙanwata Maimuna daga Taura. Ta shiga ɗakin, ni na tsaya bayan taga ina ta gyaran igiyar shanya da ba abin da ya same ta.

"Mahbuba, me ya sami hantarki?" in ji Maimuna. "Ubanki ya rame kamar saniyar rani."

Sai na ji yarinyar ta fashe da dariya.

"Goggo, aikin makaranta ne, hantar ba tawa ba ce! A cikin ƙarin kansa akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke haifar sauran, kamar shanu masu haihuwa a garke. In magani bai same su ba, ciwon sai ya dawo. Malamanmu suna neman alamar da ke jikinsu, kamar tsagar kunne, don a gane su a kai musu magani."

"To ɗaga murya, mai gyaran igiya bai ji ba."

Ta ɗaga kuwa. "Goggo, a gaya wa mai gidan nan, tunda ciwon hanta ne ajalin Baffa Bubayero, gobe a je asibiti a duba jininsa shi ma. Zuma kuma an gode."

Na yi gyaran murya, na fuskanci igiya na ce, "A gaya wa Wance, ƙarfe takwas."

An duba, alhamdu lillahi, jinina lafiya lau. Maimuna ta koma Taura da rabin zumar, wai ladan kai saƙo.