Gudan Jinin Rabi

Da Malam Lado ya san butar alwala ce za ta ɓata masa aiki ranar, da ya ɓoye ta tun kafin su bar ƙauyensu Wurma.

A daminar 1983 ya kai 'yarsa Rabi Dutsin-Ma aka cire mata haƙorin turmin da ya kwana bakwai yana ciwo. Obadiya, ma'aikacin da ya cire haƙorin, ya sa ta ciji auduga, sannan ya juyo wajen uban.

"Malam, jinin da ya daskare a gurbin nan shi ne iri. Daga shi sabon ƙashi zai tsiro ya cike ramin. In ya fita, muƙamuƙin na iya lotsawa. Kada ta kurkure baki, kada ta tofar, sai gobe."

Nan take Lado ya hango Gwaggonsa Kulu a zuci, wadda kumatunta suka shige ciki tun yana yaro. Rabi kuwa shekararta sha biyar.

A motar Kurfi da suka shiga don komawa gida, duk ramin da aka faɗa sai ya roƙi direba ya sassauta. A gida ya hana kowa ba Rabi dariya. Gwaggo ta taho da kanumfari za ta cusa a gurbin, ya tare ƙofa.

"Kai Lado, haƙori nawa na cire ba likita?"

"Shi ya sa, Gwaggo."

Da la'asar ta yi, shi da kansa ya miƙa wa Rabi buta. "Tashi, lokaci na wucewa." Sai da ya ji ruwa na kaɗawa a kumatu ya tuna. Kafin ya iso ta tofar, ga wani abu ja a ƙasa, kaza ta riga shi ta tsince. Sau biyu ya zagaya rumbu yana bin ta.

"Baba, ai kai ka ba ni butar."

Ya juya bakinta wajen rana ya leƙa, bai ga komai ba sai duhu. Washegari suka koma. Obadiya ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce akwai saura a gurbin, amma ƙashi ba ya nuna halinsa sai bayan watanni.

Kullum da safe Lado na gwada kuncin Rabi na dama da na hagu. Ko sauran jinin zai isa ya riƙe muƙamuƙin, har yanzu babu wanda ya sani.