Littafin da Na Tura wa Ramlat

Duk shekara in an cire gyaɗa, matan unguwarmu kan taru a tsakar gidan Inna Amsa a yi ɓara, ni kuma in zauna a kan turmi ina karanta musu littattafan soyayya daga wayata. A ƙauyenmu na bayan Minjibir, littafin da ni Sakinatu na ce yana da daɗi shi ake bi, ba yabon kai ba.

Amma akwai guda uku da na ɓoye can cikin wayar. Labarin mace da mace ne. Kowa ya san abin da zai biyo baya in aka ga irinsu a hannun matar aure a nan. Ba sai an kai ni gaban hukuma ba, mijina Sama'ilu zai kore ni, a raba ni da 'ya'yana, bakin mutane ya ƙarasa sauran.

Duk da haka na tura wa maƙwabciyata Ramlat guda ɗaya. Shekara shida muna zuwa niƙa tare, kuma ina sonta, irin son da ban taɓa samun bakin faɗa ba. Na ce mata ta karanta ita kaɗai, duk cikin littattafaina babu kamarsa. Ashe Inna Amsa na bayan danga tana jinmu. Tsohuwar nan kunnenta ya fi na zomo.

Ranar Laraba ana zama ta tona ni. Wai ina ɓoye musu mai daɗin ina ba ƙawata, yau shi za a karanta ko a fasa ɓarar. Mata suka ɗauka da shewa. Na kalli Ramlat, kanta na sunkuye a kan faifai.

Na buɗe littafin. Masoyan ciki Aina'u ce da Sadiƙa, teloli a shago ɗaya. Nan take na mayar da Sadiƙa namiji, na sa masa suna Jamil. Na cire masa ɗankwali na sa masa hula, inda suke yi wa juna kitso na tsallake gaba ɗaya. Kwana uku ina wannan aiki, gumi na tsiyaya a bayana, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matan kuwa har da kuka. Inna Amsa ta ce da mazan garin nan za su yi rabin Jamil, da an huta. Ni haushin kaina ne ya ishe ni, don ban san na iya ƙarya haka ba.

Ramlat ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba, ɓara kawai take yi.

Da aka tashi ran Juma'a ta biyo ni har bakin rumbunmu. Ta ce sau uku ta karanta shi, har da wajen kitson. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Sakinatu, wanne kika so in ji? Wanda kika turo min, ko wanda kika karanta musu?"

Sama'ilu na can gefe yana ɗaure tumaki, bai fi taku goma ba. Ban sani ba ko yana ji. Tsoro ya kama ni, na yi wata dariyar banza.

"Kuskure na yi wajen turawa. Ni ban ma san haka yake ba sai da na buɗe."

Ta kalle ni. Sannan ta ciro wayarta daga ƙugu, ta goge littafin a gabana, ta juyo min fuskar wayar in gani.

"To, na gode," ta ce. "Ashe ni kaɗai ce."

Har yau muna gaisawa in mun haɗu a hanya. Niƙa dai ta koma zuwa da yamma, ni kuma ina zuwa da safe.