Fenti a Kan Danshi

"Ƙwai ta ba shi."

A kan matakalar bene na ji maganar, kwana uku da rasuwar Mai Famfo. Mata biyu ne suke saukowa daga gaisuwa, ni kuma ina hawa, ina hutawa bayan kowane taku biyar saboda gwiwa.

"Ta san an hana shi, ta soya ta ajiye masa. Ko awa biyu bai ƙara ba."

"Uhm. Surukan yanzu ke nan."

Na riƙe ƙarfen matakala na ce, "Wa ya hana shi?"

"Likita mana, Malama."

"Wane likitan? A wane asibiti?"

Suka kalli juna, suka ce a gaida gida, suka wuce.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da ilimin halittu, kuma babu amsar da na fi jan jan biro a kanta kamar "an ce". Na shiga ɗakina na ɗora ruwan shayi, na manta da shi. Na zauna, na tashi. Na leƙa taga, na dawo. Ƙofar gidan Mai Famfo tana kallon tawa, takalman baƙi sun cika tsakaninmu.

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka da shi. Kowa a unguwa Mai Famfo yake ce masa, ni kaɗai nake ce masa Injiniya, don in tsokane shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, yana zaune da ɗansa da matar ɗan. Asma yake da ita tun yana saurayi. Abin shaƙa biyu gare shi: shuɗi na lokacin da numfashi ya sarƙe, da mai ruwan ƙasa na kullum safe da yamma, wanda yake hana ciwon tashi tun farko. Gyaɗa kuwa jikinsa ba ya karɓarta da gaske. Na taɓa gani da idona, leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa har wuya. Wannan ba ni da ja a kai.

Wata biyar da suka wuce yana kwance ƙarƙashin wurin wanke-wankena, ƙafafunsa kawai nake gani, sai na ji muryarsa.

"Malama, na gano ciwona."

"Asma ce. Mun daɗe da ganowa."

"A'a. Hanjina ne yake yoyo."

Ya fito da sifana a hannu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Wani mutum ne mai farar riga ya bayyana masa a waya. Wai bangon hanji yana tsagewa, guntayen abinci su tsiyaya cikin jini, jiki ya ɗauke su abokan gaba ya shiga faɗa. Daga nan ƙaiƙayi, daga nan kumburin ciki, daga nan asma.

"Kin san abin da ya sa na yarda? Aikina ne. Inda kika ga danshi a bango, ba nan bututun ya fashe ba. Ruwa tafiya yake yi. Ki ga laima a falo, yoyon yana banɗakin sama. To ƙirjina shi ne falon."

"Injiniya, mutum ba gidan bene ba ne."

"Duk bututu ne, Malama. Ke ce kika karanta shi a littafi, ni na kwana a cikinsa."

Yadda yake neman yoyo a gida, haka ya nema a jikinsa: a rufe makulli ɗaya, a jira a gani. Ya zana bututu a bayan kwali, mai rassa da yawa, kowane reshe da sunan abinci, ya manna a bangon kicin ɗinsu. Ya rufe madara. Bayan sati biyu ya rufe burodi. Sai ƙwai, sai kifi, sai tumatir, sai wake. Wanda ya rufe sai ya ja masa layi da jan fensir. Har abincinsa ya koma farar shinkafa da kabeji. Wandonsa na aiki ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel da ƙusa.

Na je na same shi da hujjojina, kuma a gaban ɗansa na yi. Na ce masa gaskiya ne hanji yana da bango, gaskiya ne a wasu cututtuka bangon yakan saki, masu bincike suna kan duba ko da alaƙa tsakanin hakan da asma. Amma "ana dubawa" daban, "an tabbatar" daban. Ban taɓa ganin inda aka nuna barin burodi ya warkar da asma ba. Na tambaye shi ko mai farar rigar ya taɓa ɗora masa abin awo a ƙirji. Na tambaye shi ko mahauci ba ya saka farar riga. Ɗansa ya yi dariya.

Shi bai yi ba. Ya ce, "Shekara arba'in ina shafa fenti a kan danshi. Ni ba na irin wannan aikin a gidan mutane, ban ga dalilin yin sa a jikina ba."

Na ce, "To Allah ya ba da sa'a, a ɗaure bututun da kyau." Na fita ina jin na yi nasara. Tun daga ranar, gaisuwa kawai muke yi.

Ranar da abin ya faru mura yake yi, amma ya tafi fasa bangon wani banɗaki. Ya dawo da rana, ƙura har a girarsa. Wajen ƙarfe uku na ji ana dukan ƙofata da tafin hannu. Surukarsa ce, ba ko mayafi.

"Mama, ki zo! Baba!"

Na same shi tsaye ya dafa tebur da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Ƙirjinsa ba ya ma yin fiton da na saba ji ta bango. Shiru yake. Ya girgiza shuɗin abin shaƙar, ya danna, ya sake dannawa, babu abin da ya fito. Ya kalle ni, ya buɗe baki, iskar magana ba ta samu ba. Maza biyu suka sauko da shi a kujera. Bai kai ƙofar asibiti ba.

Faranti yana kan teburin, da sauran ƙwai a gefensa. Yayarsa ta gani da ta iso. Daga nan maganar ta fita.

Ruwan shayin ya ƙone, butar ta fara wari. Na kashe wuta, na tsallaka takalman baƙi na shiga gidansu.

Yayar marigayin, wadda duk gidan suke kira Gwaggo, tana kan babbar kujera. Na gaishe ta na wuce kicin. Yarinyar, matar ɗan, tana zaune a kan bokitin da aka kife, jaka a ɗaure kusa da ƙafarta. Kwalin yana nan a bango, ja ya cinye shi saura rassa biyu.

"Ina zuwa da jaka?"

"Yayana zai zo ɗaukata ƙarfe huɗu. Gwaggo ta ce in je gida tukuna." Ta kalli jakar. "Mijina kuma bai ce komai ba. Kwana uku bai kalli fuskata ba."

Agogon kicin ya nuna huɗu saura kwata.

"Kin ba shi ƙwai?"

"Na ba shi."

"Ya san ƙwai ne?"

"Ranar kam ya sani. Shi ya ce yunwa yake ji, ƙafafunsa rawa suke yi, in soya masa ɗaya kada in gaya wa kowa."

"Me ya sa kika ce ranar kam?"

Ta rufe fuska da gefen zaninta. Na jira. Na iya jiran ɗalibi.

"Mama, ki rufa mini asiri. Wata biyu ke nan ina kaɗa ƙwai a cikin shinkafarsa. Kullum. Ina zuba kurkum don kada ya gane launin. Ramewa yake yi a gabana, ƙashin wuyansa duk a waje. Na kasa kallo. In Gwaggo ta ji wannan, na mutu."

"Wata biyu. Ya taɓa yin borin jini?"

"A'a."

"Leɓensa ya kumbura? Amai?"

"Ko sau ɗaya. Har cewa yake tun da ya bar ƙwai ya ji ƙarfi."

"Ranar da ya rasu fa, kin ga kumburi?"

"Babu. Ke ma ai kin gan shi."

Na gan shi. Fuskarsa lafiya lau take, leɓen ne kawai suka yi duhu.

"'Yar nan, abin da kike ɓoyewa shi ne shaidarki. Abin da mutum ya ci sau sittin lafiya, da wuya ya zama shi ne a rana ta sittin da ɗaya. Amma wannan ba zai ishi Gwaggo ba, ni ma bai ishe ni ba. Shuɗin abin shaƙar nan, yaushe aka saya?"

"Farkon wata. Na uku ke nan a jere. Da kuwa ɗaya yakan kai shi wata shida."

Mutumin da yake shan na kullum ba ya cinye na gaggawa haka.

"Ina mai ruwan ƙasan?"

"Ya daɗe da ɗauke shi daga kan firij. Ya ce ya mayar da shi akwatin aiki, wai a hanya yake shaƙa."

Fenti a kan danshi. Ashe maganin yake nufi. A gabana ya faɗa, ina ta shirya amsar da zan ba shi.

Na fito falo. Ɗan yana tsaye a baranda ya juya wa kowa baya.

"Ɗana, kawo mini akwatin aikin babanka."

Gwaggo ta gyara zama. "Malama, yau ba ranar gyaran famfo ba ce."

"Na sani, Yaya."

"Kuma ba aji muke ba. Kowa ya ga farantin nan."

"Ni ma na gani. Shi ya sa nake son in ga sauran."

"Karatu dai, karatu dai. Mutum ya mutu ma sai an yi masa jarrabawa?"

"Wadda ke da rai ake yi wa, Yaya. Ga ta can da jaka."

Ɗan ya tsaya yana kallonmu, sannan ya shiga ɗakin mahaifinsa ya fito da akwatin, na ƙarfe, koren fentinsa ya goge a wajen mariƙi. Ya ajiye a kan teburin tsakiya. Baƙi biyu da suka rage suka matso da kujerunsu.

Komai a jere yake, yadda ya saba. Sifanu daga ƙarami zuwa babba. Farin zaren ɗaure bututu. Gwangwanin gam. Na ce ya ɗaga tiren sama. A ƙasa, a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ga mai ruwan ƙasan, har da kwalinsa.

"Karanta mini ranar da aka ba shi. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Ya karanta. Wata huɗu da kwana tara.

"Juya bayansa. Akwai 'yar taga mai lamba, kamar mitar ruwa. Duk shaƙa ɗaya, lamba ɗaya take sauka. Kwalin ya ce nawa ne a ciki?"

"Ɗari da ashirin."

"Sau huɗu ake shaƙa a rana, biyu safe biyu yamma. Na wata ɗaya ne. Yanzu nawa ya nuna?"

Ya kai shi kusa da taga. Ya daɗe yana kallo. Can ƙasa motar yayan yarinyar ta yi ƙaho sau biyu, na ji ta motsa a kicin, na ji jakar tana jan ƙasa. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗari da sha shida," in ji shi.

Gwaggo ta ce, "To, me ke nan?"

Ban kalle ta ba. Ɗan nake kallo, shi kuma ya ɗago, karo na farko a kwana uku, yana kallon matarsa. Motar ta sake yin ƙaho. Ya ajiye abin shaƙar a kan teburin, ya taka ya karɓi jakar daga hannunta, ya riƙe, bai ajiye ba, bai kuma nufi ƙofa ba.

Na ce, "Wata biyu yana cin ƙwai kullum, bai yi masa komai ba. Asma ce ta kashe shi. Wata huɗu bai sha maganinsa ba."

Abin shaƙar yana tsaye tsakanin sifanu, lambarsa tana kallon sama.