Rakiyar Teku

Daren jiya na yi wani mafarki, zan kuma faɗe shi yadda ya zo, ba ƙari ba ragi.

Na ga an tura ni kwas. Takardar ta ce za a horar da ƙwararru arba'in kan yadda za su taimaki garuruwan bakin teku su rayu da sauyin yanayi. Ni mutumin Maigatari ne. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne kududdufin bayan kasuwar dabbobi, shi ma sai a tsakiyar damina. Na faɗa wa akuyar da ke yin rajista haka. Ta ɗago tabarau ta dube ni.

"Sunanka?"

"Korau."

"Ka iya iyo, Malam Korau?"

"Ban iya ba."

"Madalla. Waɗanda suka iya ba sa tsayawa su ji darasi."

Ta karɓi fom ɗina ta cinye, ta ce an adana shi.

Ajinmu kwalekwale ne mai benci goma da allo ɗaya. Malamar ƙaguwa ce, da alli a hannun dama. Da gefe ta shigo, da gefe take rubutu, don haka duk ajin muka karkata wuya. Darasin ya ɗauki minti huɗu.

"Darasi na ɗaya," in ji Malama Ƙaguwa, "ruwa yana tahowa. Darasi na biyu, bai tsaya ba. Akwai tambaya?"

Wanda ke kusa da ni ya ɗaga hannu. Injiniya Mato ke nan, mutum mai biro shida a aljihu.

"Malama, a yi katanga."

"Ba tambaya ba ce wannan, Injiniya."

"To, a yi katanga?"

Aka tafi hutun shan shayi. Hutun ya ɗauki awa uku, ya cinye darasi na uku gaba ɗaya.

Sai ga mu a Tungar Kwakwa, ni da Mato, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Nan aka ba mu jarrabawa. Gidajen garin duk sun tattare gindinsu sun tsaya a kan yatsu, kamar mata za su haye rafi. A makarantar firamare kifaye ne zaune a aji uku, malaminsu yana kiran suna daga kan tebur. An ɗan yi yayyafi daga ƙasa zuwa sama, mutane suka zauna a kan lemominsu har ya wuce.

Malama Ƙaguwa ta haye rufin wani ɗaki da littafin maki.

"Garin nan rijiya bakwai gare shi. Shida sun zama gishiri. Ta bakwai tana tsakar gidan Iya Barira, da ita kowa yake sha. In Teku ya taɓa bakinta kafin la'asar, gari ya tashi, ku kuma kun faɗi."

Iya Barira tsohuwa ce mai bandar kifi, siririya, idonta ja saboda hayaƙi. Ta shigar da mu. Teku yana zaune a tsakar gidanta a kan tabarma. Dattijo ne mai jiki, cikin babbar riga shuɗiya mai farin aiki a wuya, gefen rigar ya rufe rabin gari. Na auna tsakaninsa da rijiya. Taku tara.

Na durƙusa, don ba a tsaye ake gai da manya ba.

"Ranka ya daɗe, ina kwana?"

"Lafiya lau," in ji Teku, ya gyara zama.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Ya gyara zama.

"Ina iyali?"

"Suna nan lafiya." Ya gyara zama.

"Yaya aiki?"

"Da godiya." Ya gyara zama.

Ina shirin tambayar labarin ruwa Iya Barira ta mintsine ni a kafaɗa.

"Kai ɗan nan, gaisuwarka za ta shanye mu. Duba ƙasa."

Na duba. Duk gyaran zama taku ɗaya ne. Saura biyar.

Mato bai tsaya gaisuwa ba. Cikin minti shida ya yi katanga mai tsayin mutum biyu, ya yi mata fenti, ya rubuta sunansa a jiki. Teku ya juya ya dube ta da sha'awa.

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Rabon da in sami abin jingina tun ina yaro."

Ya jingina. Katangar ta narke kamar sukari a shayi, shi kuma ya ɗan zame gaba. Saura huɗu.

"Siminti ne bai isa ba," in ji Mato. "A yi wata."

A nan ne dabara ta zo mini, har sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ja Iya Barira gefe.

"Iya, tun da baƙon nan ya zo, akwai wanda ya raka shi?"

"Wa zai raka teku?"

"To, ai shi ke nan! A garinmu baƙon kirki ba ya tashi sai an ce a taka masa. In ba a ce ba, sai ya shekara. Kunya ce ta hana bawan Allah tafiya."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ban tsaya ba. Na koma na ce, "Ranka ya daɗe, rana ta yi. Bari in ɗan taka maka."

Fuskar Teku ta washe. Ya tattara riga ya miƙe, muka kama hanya kafaɗa da kafaɗa. Duk inda rigar ta janye sai abu ya fito. Filin ƙwallo ya fito da alƙalin wasa a tsaye, usur a baki. Tsohuwar kasuwa ta fito, mai tumatir ta ci gaba da ciniki daga inda ta tsaya shekara goma sha biyu da suka wuce. Keken ɗinki ya fito yana ɗinki shi kaɗai. Gidaje suka sauke gindinsu suna ajiyar zuciya. Mutanen gari suka biyo mu da guɗa, wani yana kiɗa da bokiti, ana cewa Korau, Korau. Ban taɓa jin sunana ya yi daɗi haka ba. Na lura ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa sosai, na bar su.

A ƙofar gidansa Teku ya ɗaga labule ya nuna mini ciki. Ba masaka tsinke. Wasu fararen mutane ne kwance ko'ina, har kan randa, suna ɗiga.

"Dangi ne," ya ce. "Ƙanƙara ne, daga can ƙarshen duniya. Hayaƙinku ya yi musu zafi, suka narke, suka tare a wurina. Kullum sai an ƙaru. Ka taɓa korar ɗan'uwa?"

"Ban taɓa ba."

"To, ina zan miƙe ƙafa?"

Na ba shi haƙuri, na ce a gai da gida, na juya. Ban yi taku uku ba na ji sanyi a dugadugaina.

"Haba, Malam Korau! Ka rako ni har ƙofa, in bar ka ka koma kai kaɗai? Ba haka aka rene ni ba."

"Ranka ya daɗe, na san hanya."

"Ko kusa. Mu je."

Ya rako ni. Keken ɗinki ya nutse, mai tumatir ta ce a dawo gobe, alƙalin wasa bai samu ya busa ba. Kuma Teku mai rakiyar kirki ne, ba ya tsayawa inda aka ɗauko shi, sai ya ƙara taku ɗaya don girmamawa. Saura uku.

Ban ga mafita ba sai in sake raka shi. Ya sake rako ni. Saura biyu. Karo na uku da gudu na yi, na kai shi ƙofa na ce sai anjima ina cikin juyawa, na sheƙa. Ya biyo ni yana haki yana dariya, rigarsa tana kaɗa jiragen ruwa.

"Kai, mutanen Arewa akwai zumunci!"

Saura taku ɗaya. Ƙarfe uku da rabi. Feshin rigarsa yana sauka a kan guga. Kiɗan bokiti ya tsaya. Mata sun fara ɗaure tukwane a zani, wani tsoho ya cire ƙyauren ɗakinsa ya ɗora a ka.

Iya Barira ta zauna a bakin rijiyar, ta rufe ta da bayanta.

"Kun gama?" ta ce. "Mai katanga ya gama? Mai rakiya ya gama? Tun safe kuke shige da fice a gidana da biro, akwai wanda ya ce, Iya, da can yaya kuke yi?"

Daga kan rufi Malama Ƙaguwa ta ce, "Darasi na uku ke nan, wanda shayi ya cinye."

Na durƙusa a gaban tsohuwar. Wannan karon ban yi gaisuwa ba.

"Iya, da can yaya kuke yi?"

"Da can ba ya shigowa. Muna da zaure." Ta nuna bakin gaɓa da haɓa, inda babu komai sai laka da kututture. "Itatuwa ne, masu tsiro cikin ruwan gishiri, saiwarsu a waje kamar yatsu. Nan yake zama ya huta, ya sha iska, ya koma. Muka sare su muka yi bandar kifi. Ni ma da hannuna na sara, ba zan yi maka ƙarya ba. Baƙo in bai ga zaure ba, ina zai tsaya? Sai tsakar gida."

Ta shiga ɗaki ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado. Gwangwanayen madara ne arba'in, kowanne da ɗan tsiro.

"Yaushe za su girma?" in ji Mato.

"Shekara bakwai."

"Iya, saura minti ashirin."

"To, ku da kuka yi karatu, sai ku san abin da zai tsaya kafin nan."

Malama Ƙaguwa ta buga allinta a kan kwano. Sai ga ajinmu ya taho a kan ruwa da sauran ƙwararru talatin da takwas, wasu da kofin shayi a hannu. Na yi wa Teku rakiya ta huɗu, na roƙe shi ya ba ni minti biyar kafin ya rako ni, in ɗan yi gaba. Ya ce don ni zai yi, amma ba ɗabi'arsa ba ce.

Muka jeru a bakin gaɓa, laka har gwiwa, muka sarƙe hannuwa, kowa da tsironsa tsakanin ƙafafu. Akwai likitoci, akwai masana ƙasa, akwai wata farfesa da ta ƙi cire takalmi mai tsini. Ba a jima ba na ji yatsun ƙafata suna tsawo. Suka ratsa laka, suka yi reshe, suka gamu da na Mato suka gaisa. Sai ƙananan kifaye da jatan lande suka zo neman ɗaki a tsakaninsu. Wanda bai taɓa jin jatan lande yana share ɗaki tsakanin yatsunsa ba bai san cakulkuli ba. Farfesa ce ta fara dariya. Dariyar ta kama na kusa da ita, ta bi layi, har ƙwararru arba'in muna kyarma muna hawaye, ba mai hannun share ido. Wata balbela ta sauka a kan hular Mato ta fara gini.

Teku ya taho. Ya tattaro riga zai yi dogon taku, sai ya gan mu. Ya tsaya. Ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Salamu alaikum," ya ce.

Iya Barira ta ce rabon da ya yi sallama shekara goma sha biyu.

"Wa alaikumus salam," muka amsa, mu arba'in, da ƙyar.

Ya cire takalmansa, jiragen kamun kifi biyu, ya ajiye a gefe. Ya zauna a gabanmu, ya miƙe ƙafafu tsakanin saiwoyinmu, ya yi wata doguwar hamma.

"Zaure mai kyau," ya ce. "Zai riƙe ni. Amma ku gaya wa masu hayaƙi, in dangi suka ci gaba da zuwa, wata rana zaure ma zai yi kaɗan."

Iya Barira ta ja guga, ta cika moɗa, ta miƙa masa ta kan kafaɗata. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa.

"Iya, me kuka sa a ciki?"

"Ba komai."

"Ba komai?"

"Ruwa ne kawai, Malam."

"Ikon Allah," in ji Teku. "Tun da nake ban taɓa sha ba. A ƙara."

"Gobe. Daga nan inda kake."

Aka kira la'asar. Tsohon nan ya mayar da ƙyaurensa, mata suka kwance tukwane.

Na ɗaga murya. "Malama, mun ci?"

"Kun ci."

"To, mu fito?"

"Bayan shekara bakwai."

"Na bar mota a rana," in ji Mato.

Ni kam na duba, ban sami damuwa a raina ba. Ganye ya fara fito mini a gwiwar hannu. Iya Barira ta ga ba ni da hannun karɓa, ta sake cika moɗar ta kafa mini a baki. Ruwan yana da sanyi, ba ko ɗigon gishiri. Ina cikin sha na ji moɗar ta fara tari, tana shaƙewa, tana tofi.

Famfon tsakar gidanmu ne. Sati uku bai ce uffan ba.

"Baban Hajjo, tashi, an kawo ruwa!" in ji matata daga waje. "Ina ka kai babban bokiti?"

Na ce mata ina zuwa, ƙafata ce ba ta saki ƙasa ba tukuna.