Ɗakuna Bakwai a Bayan Firam

Shekara biyu na yi ina ƙura wa taswirorin mutane ido, har sai da likita ya ɗaura mini tabarau. Bincikena na digiri na biyu a kan tsofaffin garuruwan Turai ne, yadda taswira ke tona inda aka killace Yahudawa ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Malamarmu takan ce mu bar kallon ado, mu ƙirga ƙofofi, mu nemi inda rijiya take. Na ƙware har na fara jin kaina. A ba ni taswira, kafin shayi ya huce na nuna unguwar da ake kullewa da magariba.

Babin ƙarshe na keɓe shi ga kakana, Alhaji Zali. Shi ne wakilin wani hoshi a unguwar Tandabawi nan Makka, babban gidan haya mai tsakar gida ɗaya, wanda aka rushe tun ban zo duniya ba. Da hannunsa ya zana taswirar gidan, tana cikin firam a falon mahaifina. Tun ina ƙarama nake jin cewa bai taɓa rufe wa Bahaushe ƙofa ba. Ga shaida kuwa: ɗaki goma sha biyu, kowace ƙofa tana kallon tankin ruwa na tsakiya. Na riga na sadaukar da littafin gare shi, ranar Lahadi zan miƙa.

Sunayen masu ɗakunan kaɗai suka rage mini. Sai na buga hoton taswirar a takarda, na nufi unguwar Utaibiyya wurin Hajja Saudatu, tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'yan hayar gidan. Ta zuba mini shayi, ta kai takardar dab da hancinta, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"Raihana, ina namu?"

"Naku me, Hajja?"

"Ɗakunanmu mana. Wannan ai guntuwa ce, ya binti, 'yata."

Na yi dariya irin ta mai ilimi, na ce haka take tun asali. Ta dube ni ta saman takardar, dariyar ta maƙale mini.

Ta ce akwai ɗakuna bakwai a baya, ta wajen dutse, na waɗanda suka iso ta Chadi da Sudan ba takardar zama. Da can ƙofa ɗaya ta haɗa su da tsakar gida. Da kakana da tsofaffin zama suka sami jinsiyya, wato takardar zama 'yan ƙasa, sai ya ce ba ya son a riƙa yi musu kuɗin goro da baƙi. Ya kira magini aka toshe ƙofar, aka fasa musu wata ta bayan dutse. Ko ruwa za su ɗiba sai sun hau sun gangara sun zagayo.

"Kakarki Ruƙayya ungozoma ce," in ji ta, tana ƙulla kuka a leda. "Ran da uwata ke naƙuda, da azahar ne, ta bango kakarki take jin ta. Tana dukan bangon tana cewa ga ni nan, ga ni nan. Mace mai jiki, ga dutse, ga rana. Kafin ta zagayo, jinin uwata ya ƙare. Khalas, shi ke nan."

Na ce innalillahi, amma ban ji muryata ba. Ita kuwa ta tura mini kofi ta ce in sha kada ya huce.

Ban san yadda na iso gida ba. Na sauke firam ɗin, na ɗauko wuƙar yanka albasa na ɓamɓare ƙusoshin baya. Takardar a naɗe take. Da na warware, sai ga su a jere, bakwai cif, ga ƙofar an zana ta an kuma bi ta da jan tawada mai kauri. Ni mai ƙirga ƙofofin mutanen wata nahiya, shekara ashirin da shida ina cin abinci a ƙarƙashin wannan takarda! Kunya da haushi suka taso mini lokaci guda.

A haka mahaifina ya dawo daga la'asar ya same ni durƙushe. Bai tambayi abin da na gani ba, wannan ne ya fi kashe mini jiki.

"Abuya, ka sani?"

Ya ja carbinsa ya ce, "Ni na kai wa mai firam. Ya ce ba za ta shiga ba sai an naɗe gefe guda. Na nuna masa gefen."

"Uwar Hajja Saudatu fa?"

"Mutumin da Allah ya rufa wa asiri yana kabari, ke jikarsa za ki tona wa duniya? Mayar da ita yadda take."

Ban taɓa musa wa mahaifina ba. Na ɗauki takardar, na shimfiɗa ta a kan gilashin yadda kakana ya zana ta. Ɗakuna bakwai suka leƙo ta gefe, suna reto a kan kafet.

Na ce, "Abuya, ba za ta shiga ba."