Gawo Uku

A watan Afrilun 1973, shekarar fari, Sajo da ƙanensa Cindo suka baro yammacin Maigatari da shanu bakwai. Bara war haka talatin da ɗaya ne. Kwana biyu ke nan shanun ba su sha ba, rijiyar da ake cewa ba ta ƙafe ba kuwa guda ce, can wajen Sule Tankarkar.

Sajo bai taɓa tambayar kowa hanyar ba. Tun yana yaro Baffa, mahaifinsu, ya koya masa: ka hau tudun yashi mai gawo uku a jere, ka tsaya a gindin babban, ƙananan biyu a damanka, ka miƙe. Kafin la'asar kana bakin rijiya. A inuwar babban gawon nan tsohon yake sallar azahar, yana kallon gero yana kaɗawa har ƙarshen gani, ya ce duk ƙasar Gumel babu wuri mai kyan wannan.

Rana ta take tsaka suka iso inda ya kamata su hango itatuwan. Tuddai huɗu ne a gabansu, duk farare, duk kai ɗaya. Babu ko kargo.

Sajo ya daɗe a tsaye. Inuwarsa tana ƙarƙashin ƙafarsa, bai san gabas ba, bai san yamma ba. Ya girgiza goran ruwa, ya ji motsin abin da bai fi kurɓa uku ba.

"Cindo, ko idona ne?"

"Ba idonka ba ne, Yaya."

"To ina suke?"

Cindo ya sunkuyar da kai. "Lokacin da kake kwance da zazzaɓi, mu muka sassare rassan. Ni da wasu makiyaya. Sauran kuma masu itace suka kwashe."

"Gawon Baffa ka sare?"

"Me kake tsammanin bakwai ɗin nan suka ci? Yashi?"

Wata saniya ta durƙusa, suka ɗaga ta da wutsiya, ta sake zubewa. Ungulu biyu suka sauka nesa kaɗan.

Suka rabu, kowa ya hau tudu yana caka sanda. A tudu na uku sandar Sajo ta daki abu mai tauri. Suka tone da hannu, yashin yana ƙona su. Kututture uku, a jere. Amma wanne ne babban? In ya kuskure, za su nausa arewa, inda babu ruwa sai bayan tafiyar kwana biyu.

Ya durƙusa ya rungumi na farko, yatsunsa suka haɗu. Ya wuce na tsakiya ya rungumi na ƙarshe. Saura taƙi guda hannuwansa su haɗu.

"Nan ne," in ji shi.

Bayan la'asar suka isa rijiyar da shanu shida. Suna cikin jan guga wata dattijuwa, Kande, ta matso da jakinta da kaya.

"Malam, Maigatari na nufa. Ta ina zan bi?"

Sajo ya ɗaga hannu ya nuna bayansa.

"In kin hango gawo..."

Hannun ya tsaya a sama.