Labulen Kassimu

A taƙaice: Kassimu tela, mutumin Nijar, mai shirya wasan kwaikwayo, ya rasu a unguwar Nuzla, Jidda, cikin shekarar 1998, ba tare da an ga wasansa ba. Ni Badaru, tsohon akawu, ɗakina na ƙarƙashin nasa, saboda haka duk tsallen da aka yi, a kaina aka yi shi.

A Yamai shi ke tara 'yan wasa da mawaƙa, ya nemo zaure, ya ba kowa abin da zai fito a kai. A Jidda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ce tela ne. Ya yi shekara da shekaru yana ɗinki, yana kuma shirya wani dogon wasa wanda babu magana cikinsa sai waƙa. "Opera," in ji shi. Labule kaɗai ya kammala, ja, mai nauyi, daga guntayen yadin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa.

A ƙofarsa ya rubuta "mukhrij", wato mai shirya wasa da Larabci. Mutanenmu suka ɗauka mai fitarwa ake nufi, mai samo takardar fita ƙasa. Sai marasa iƙama suka riƙa yi masa sallama.

"Baba, an ce kai ke fitar da mutane."

"Ina fitar da su gaban jama'a. Kana da murya?"

Da haka ya tara 'yan wasansa. Aibinsu ɗaya: da mutum ya haddace waƙarsa, sai a kama shi a kasuwa a mayar da shi gida. An sauya sarkin wasan har na daina tambayar sunansa.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sai ya sa rana: Alhamis bayan la'asar, a saman bene. Ya aika aka kira Mastura, haifaffiyar Jidda, wadda za ta rera waƙar ƙarshe.

"Ya ammi, wallahi ba zan iya ba. Mijina ya ce khalas, ya hana."

"Bayan labule za ki tsaya, 'yata. Ba mai ganinki."

"Muryar fa? Ita ma bayan labulen za ta tsaya?"

Ya juyo gare ni yana haki. "Malam Badaru, kai ka yi boko. Karanta baitocinta kawai."

"Ni takardar ofis na iya karantawa."

"To karanta su hakanan! Don girman Allah. Sau ɗaya dai a buɗe labulen nan ina da rai."

Na amsa. Ran Laraba aka kama sabon sarki da fadawansa a unguwar Sharafiyya. Ran Alhamis muka tallabi Kassimu zuwa sama. Ɗan kallo guda ne, wani Usuman, wanda har lokacin yake jiran takardar fita. Na shiga bayan labule. Kassimu ya kama igiya, ya ce, "Yalla, mu fara." Labulen ya matsa kamar faɗin tafin hannu, ya tsaya. Na jira, ban ji an sake ja ba, sai na karanta baitocin har ƙarshe da muryar ofis. Da na leƙo, Usuman na rufe masa ido.

Makara ta ƙi juyawa a matakalar benen. Cikin labulen muka sauko da shi.

Abin da wasan ya ci: sarakuna da dama, keken ɗinkin da ya sayar, da shi mai keken. Labulen kuwa matar mai gidan da muke haya ta wanke ta shanya a saman bene. Yana can, iska na buɗe shi tana rufewa.